Farin Yadi Zuwa Tibati

Tun da aka dawo daga hutu, ba na shiga ɗakin malamai ban ci karo da mai tambaya ba. Wannan ya ce yaya Tibati, wancan ya ce ina tsarabar kifi, sai ka ce yawon buɗe ido na je. Malam Hamadu mai lissafi har cewa ya yi na yi haske, wai sanyin Adamawa ya karɓe ni. Na gaji da cewa lafiya lau alhali ba lafiyar ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya shafa mini lafiya.

Ga wanda bai san mafarin ba, ni malamin Ingilishi ne a wata kolej a nan Garwa. Ni ke da ajin katiriyem, aji na uku a kolej, na 'yan bilang, wato yaran da ake ƙara wa adabin Ingilishi a kan Faransancin da kowa ke yi. Littafin da muke karantawa bana yana ɗauke da wani tsohon labarin fatalwa na Amurka. Wani dattijo ne a ƙauye mai sanyi ya mutu, magadansa suka ƙi binne shi da mayafin da ya yi wasiyya, sai ya riƙa dawowa yana tsayuwa a bakin ƙofa. Ranar da muka fara, yaran dariya suka yi ta yi. Suka ce mamaci ba ya dawowa, malaminsu na allo ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa. Ni kuwa da iyayina na ce musu in za su shiga labari su tuɓe abin da suka sani a bakin ƙofa kamar takalmi, su gaskata shi har su fito.

Yarinya ɗaya ce ba ta yi dariya ba, Habsatu. Marainiya ce, tana hannun kakanta Alhaji Ɗanlami, tsohon mahauci da duk kasuwar nama ta sani. Na daɗe ina koyarwa, ban taɓa samun mai karatu irinta ba. Sauran suna karanta kalmomi, ita kuwa in ta karanta sai ajin ya yi tsit. Saboda irinta mutum yake jure wa alli da zafin Garwa.

Da muka kai tsakiyar labarin sai na ce za mu yi wasan kwaikwayonsa, na ba Habsatu fatalwar, na ce ta samo tsohon farin zane a gida. Ta je ta buɗe adakar kakanta, ta tarar da farin yadi a can ƙasa a ninke yana ƙamshi, ta zaci zanen gado ne da aka manta. Ta sa almakashi ta huda wurin idanu biyu. Wasa ya yi kyau, har direktan makaranta ya tafa. Ashe likkafanin Alhaji ne. A Makka ya saye shi shekarar da ya sauke farali, ya tsoma shi a zamzam da hannunsa, ya shanya, ya ajiye yana jiran ranarsa. Wa yake gaya wa yara irin wannan ajiya?

An ce tsohon bai yi faɗa ba. Ɗaga yadin ya yi ya leƙa ta hujin, ya ninke, ya mayar. Bayan 'yan kwanaki ya ce zai tafi Tibati wurin ɗansa Isiyaku, kuma da Habsatu zai tafi ta riƙa zuba masa ruwan alwala. Ya rantse muddin yana numfashi ba za ta sake taka makarantar da ake yi wa yara shigar matattu ba. Bayan sun tafi na kira Isiyaku a waya, yana jin sunana ya kashe. Direkta ya ce in bar maganar, yara suna da yawa. Ni dai na kasa bari. Ana ba da hutu na ɗaura niyyar zuwa da ƙafata in ba da haƙuri in dawo da ita aji.

Na sayi farin yadi mai kyau a babbar kasuwa, mai shagon yana auna shi yana yi mini ta'aziyya. Maƙwabciyarmu Hajiya Dije ta tsiyaya mini zamzam daga ɗan abin da take tattali, a wata robar ruwa. Niyyata in jiƙa yadin a gida, amma matata ta ce ba a kan igiyar shanyarta ba, kafin ya bushe unguwa ta cika gidan da kuka. Sai na ce ma ya fi, in kai wa tsohon yadin da ruwan daban, ya yayyafa da hannunsa. Ban gaya wa kowa daga danginsu zan tafi ba, don kada a riga ni da waya a rufe mini ƙofa.

Na shiga motar ajans, wato ta kamfanin sufuri, da safe, zafi ya riga ya fara cizo. Muka ƙetare gadar Binuwai, ruwan ya janye ya bar yashi. Wanda ke gefena wani dillalin shanu ne Bafulatani, Alhaji Umaru. Ya fara mini da Fulatanci, da ya ji yadda nake jan nawa a ƙasa sai ya tausaya mini ya koma Hausa. Kafin mu kai Ngong na san farashin kowane bijimi daga nan har Yawunde da sunan duk wanda ya taɓa cutarsa. A Ngong ya saya mana tsire, wanda a nan kowa ke ce wa soya. Ya ɗanɗana ya ce naman ba na yau ba ne, amma ya cinye nasa ya taya ni nawa.

Gaba kaɗan muka tarar da bariyer, wato shingen jandarmomi. Mu da ba mu bar ƙasa ba, amma a hanyar nan kowace igiya da aka gitta iyaka ce mai zaman kanta. Aka karɓi kart, katin shaidar kowa, aka ce a sauko da jakunkuna. Jandarman da ya buɗe tawa mutumin kudu ne. Ya zaro robar ya shinshina, ya miƙo mini, sannan ya jawo yadin ya warware shi a gaban jama'a yana tambaya da Faransanci ko sayarwa zan yi. Shi bai san abin da ya riƙe ba, amma duk Musulmin da ke wurin ya sani. Wata mata ta ja ɗanta jikinta tana salati. Da muka koma mota na tarar an sakar mini wuri, ni da aka matse tun daga Garwa. Robar kuwa ban mayar da ita jaka ba, na cusa ta ƙarƙashin kujera.

Aka shiga yi mini gaisuwa, ana tambaya wa ya rasu. Da ma na yi shiru na karɓi addu'ar. A'a, bakin malamin makaranta ba ya zama, sai da na zayyana musu komai. Mota ta rabu biyu, wasu na cewa laifin yarinya ne, wasu na cewa na boko ne, ba wanda ya ce ba nawa ba ne. Alhaji Umaru ya dube ni ya ce:

"Malam, yanzu mutum yana zaune da ransa, ka yi sallama ka miƙa masa likkafani?"

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini ta wannan fuskar. Ni biya na ɗauke shi, abin da aka ɓata a mayar. Amma mota ta riga ta yi nisa, kuma ba ni da wata dabarar da ta fi wannan.

Muka wuce dajin da birai ke zama a bakin titi suna kallon motoci kamar masu jiran fasinja. A Mbe mata suka cika mota da doya, har aka ɗora mini wata a cinya. Daga nan aka fara hawan dutsen da ake ce wa falez, inda hanya ke nannaɗewa tana hawa zuwa Ngaundere. Motarmu ta yi nishi, ta yi tari, a tsakiyar hawan ta tsaya tana tururi. Direba ya ce kowa ya sauka. Na ga azahar ta yi, na ja gefe na yi taimama na ta da salla. Ina sallamewa na hango direba a gaban mota, robobin ruwan fasinja zube a ƙafarsa, yana ɗura wa lagireto ɗaya bayan ɗaya. Na taso a guje. Robar Hajiya Dije tana cikinsu, ba ko ɗigo.

Na buɗe baki in yi masifa, na rasa da wa zan yi. Mutumin ruwa ya nema ya samu. Da na gaya masa abin da ya zuba sai ya dafe kai, ya ce me ya sa ban rubuta a jiki ba. Alhaji Umaru ya dafa kafaɗata ya ce ko ba komai yau motar nan ba za ta faɗa rami ba. Mutane suka yi dariya, wasu har da shafa murfin motar suna shafawa a fuska. Ni kam na koma kujerata da doyar wata a cinya, ina jin kamar in yi kuka.

Ngaundere wata duniya ce. A watan da mu a Garwa muke kwana a tsakar gida muna fifita, su riguna masu kauri suke sawa, ga ruwan sama ya riga ya sauka. Suna cin fiya da burodi da safe kamar abinci, nono kuwa ko'ina, mai kauri, ba irin tsararon da ake sayar mana ba. Na sauka a wani oberj, ƙaramin masauki kusa da tasha. Ɗakin yana warin danshi, famfon ba ruwa, bargo kuma mai wurin ya ce wani baƙo ya tafi da shi. Da asuba sanyi ya tashe ni haƙorana na haɗuwa. Na miƙa hannu cikin jaka na taɓa yadin, ga shi da faɗi da kauri, sai na tuna ko na mene ne. Na janye hannuna, na ɗora riga a kan riga na zauna jiran gari ya waye. Na zaga wurin masu sayar da turare da dabino ko zan dace da zamzam. Wani ya nuna mini wata jarka, amma yadda ya ƙi haɗa ido da ni ya sa na bar masa kayansa.

Hanyar Tibati kuwa, duk wanda ya ce muku hanya ce ku tambaye shi da wane wata ya bi. Jar laka ce, motar da muka shiga kuma ta girme ni. Aka ce mana kafin la'asar muna can. La'asar ta same mu a bayan wata babbar mota da ta kafe ta tare hanya, motoci jere gaba da baya, direbobi sun tuɓe riguna suna haƙa. A nan muka kwana, washegari ma muka yini. Wata mata Kirista a ƙauyen da ke kusa ta ba mu rumfa, ta tuƙa mana tuwon rogo mai danƙo da miyar ganyen rogo. Na ci don yunwa, cikina ya yi ta ƙorafi, amma alherinta ba zan manta ba.

Abin da ya ɗaure mini kai a gidanta, kabari ne a ƙofar ɗaki, an shafe shi da siminti, yara na zaune a kai suna ɓare gyaɗa. Mu namu muna kai su bayan gari, mu tara ƙasa, damina biyu ta shafe, ko ɗan mamacin sai ya yi da gaske ya gane wurin. Na tambaye ta da Faransanci ko ba sa jin tsoro. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce babanta ne, me zai yi mata, ai gara yana kusa ya ga jikokinsa. Na yi ta juya maganar. Ga su sun ajiye nasu a ƙofa suna barci lafiya, mu da muka tabbata ba ya dawowa, ga abin da yadi ɗaya ya jawo mana.

Warin bandar kifi ne ya fara gaya mini mun iso Tibati. Kifin daga madatsar Mbakawu ake kawo shi, kwando-kwando, garin duk ya ɗauki ƙamshinsa har tufafin mutane. Na gaya wa mai moto, wato mai babur ɗin haya, sunan Isiyaku mai kifi, ya ce ai ya san gidan, yau ma ya kai mutane da yawa. Ban kawo komai a raina ba sai da muka sha kwana na ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, maza zaune, ana raba waina. Ashe Alhaji Ɗanlami ya rasu tun ranar da na baro Garwa, sadakar uku na tarar.

Na zauna a gefen tabarma da jakata a ƙarƙashin hannu, na yi ta'aziyya. Da aka ji daga Garwa nake sai aka yi ta sa mini albarka, wai ga malamin kirki ya biyo laka don gaisuwa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da jama'a suka ragu Isiyaku ya ja ni zaure. Na zaci zagi zan sha, sai na tarar da mutum mai sanyin hali da idanu jajaye. Ya ce tsohon bai yi wata jinya ba, zazzaɓi ne na kwana kaɗan. Ya ce kafin ya cika sun ce za su sayo sabon yadi, ya hana. Wai cewa ya yi a sa shi a nasa haka nan, zamzam ɗin ai bai zube ta hujin ba. Har dariya ya yi da ya faɗa, ya kira Habsatu ya dafa kanta ya ce ya yafe.

Sannan Isiyaku ya ce rantsuwar baba ta muddin yana numfashi ce, yanzu kuwa ta faɗi. Shi ba shi da ja, yarinya mai ƙwaƙwalwa ba ta dace da zaman juya kifi a kan wayar banda ba. Ƙannenta ma suna Garwa wurin gwaggonsu. In ta yarda, in tafi da ita ko gobe. Allah ya gafarta mini, a gidan makoki na ji daɗi ya rufe ni. Na ce a raina ashe wahalar hanya ba ta tafi a banza ba.

Na same ta a bayan gida wajen bandar kifi, tana zaune a kan turmi, hayaƙi na bin ta. Ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Na yi mata gaisuwa, na gaya mata abin da baffanta ya ce, na ce kujerarta na nan, ajin ya yi shiru ba ita. Ta saurara har na gama, kanta a ƙasa. Sannan ta ce ta gode, amma ba za ta koma ba.

Na ce ai Alhaji ya yafe, da bakinsa.

"Ya yafe, Malam. Amma da hujin aka sa shi."

Na shiga yi mata bayani. Na ce mamaci ba ya dawowa, ta tambayi duk malamin da ta ga dama a garin nan. Na ce wanda ya rubuta labarin nan wani Ba'amurke ne da ya mutu tuntuni, don nishaɗi ya ƙaga, shi kansa bai yarda da shi ba. Na yi magana har muryata ta dushe, ni da na saba yara su gaskata ni kafin in rufe baki.

"Na sani, Malam," in ji ta. "Da rana na sani." Ta juya wani kifi a kan waya. "Na karance labarin har ƙarshe, inda ba mu kai ba. Gudu suka yi suka bar gidan, shi ya sa ya bi su gari-gari. In na koma Garwa, can ƙannena suke. Gara ya same ni a nan."

Na ce mata labari ne kawai, Habsatu. Ta ɗago ta dube ni, ba da rashin kunya ba, ta ce ni na ce su tuɓe abin da suka sani su shiga. Ita ta shiga, ta nemi ƙofar fita ta rasa.

Ban san me ya sa na buɗe jakar ba. Wataƙila don in nuna mata cewa na yi ƙoƙari, wataƙila don hannuna ya samu abin yi. Tana ganin yadin ta miƙe tsaye. Ta goge hannuwanta a zane sosai kafin ta taɓa shi, ta bi shi da yatsu tana duba ko'ina, ba huji. Tun da na zo sai lokacin na ga fuskarta ta saki. Ta roƙe ni in bar mata, wai in ya zo nema ta samu abin ba shi. Ya kamata in fizge kayana in ce babu mai zuwa. Sai na bar mata shi.

Ta rungume yadin a ƙirji ta ce, "Malam, an wanke shi da zamzam?"

Na tuna lagireton motar nan a kan dutse yana tururi. Na dubi yarinyar da ta kwana uku ba barci. Ni da na yi tafiyar nan duka don in gaya mata matattu ba sa dawowa, na buɗe baki na ce, "An wanke."

Ta ce Alhamdu lillahi, ta shige ɗaki da shi. Washegari na je yi mata sallama, matar baffanta ta ce barci take yi, rabonta da irinsa tun kafin rasuwar, kada a tashe ta. Isiyaku ya rako ni tasha, ya ce a ba ta lokaci, wataƙila baɗi. Daga ni har shi ba wanda ya kalli wani.

Dawowa ba abin faɗi, hanya ta bushe, mota ba ta tsaya ba. Direkta ya tuna mini cewa labarin yana cikin jarrabawar ƙarshen shekara, don haka ranar Litinin na buɗe littafin daga inda muka tsaya. Na tambayi wa zai karanta mana. Duk ajin suka juya suka kalli kujerarta.